Wa Ya Kwana a Tire?

Daga Allah muke, kuma ko mun shirya ko ba mu shirya ba gare Shi za mu koma. Kakata, wadda ta haifi Baba, ta riga mu ranar Asabar da hantsi, a ɗakinta a unguwar Derrière la Prison ta Libreville, tana da shekarun da ita kanta ba ta taɓa yarda a ƙirga mata ba. In ka cire kalmar shahada, maganarta ta ƙarshe a duniya ita ce kokon da Inna ta dama ya yi ruwa. Inna ta ce wallahi da gaskiyarta, ya yi ruwan.

Aka kai ta makwancinta bayan azahar, muka dawo muka tarar da gida ba masaka tsinke. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Mace za ta shigo da hawaye shaɓe-shaɓe, ta ce, "Allah Ya jiƙan Hajiya, Allah Ya sa ta huta," ta zauna, sai ta tuna wata magana da tsohuwar ta taɓa yaɓa mata, sai ka ga ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Matan Kano na gefe, matan Maraɗi da Damagaram na gefe, ranar dai an ajiye gardamar wa ya fi wani iya Hausa, kowa na ba da labarin faɗan da ya sha. Liman ya ce shi ma bai tsira ba. Ya taɓa tsayawa yi mata doguwar addu'a a bakin tanda, ta ce, "Malam, taƙaita. Allah Yana ji, waina kuma tana ƙonewa." Wani direban taksi ɗan ƙasar nan ya zo da mota sai ƙyalli take, ya ce shekara da shekaru duk safiya sai ta gaya masa motarsa na ƙarnin kifi, shi ya sa yau ya wanke ta kafin ya zo. Maƙwabciyarmu mai sayar da rogo ta fasa kururuwa irin ta 'yan ƙasar nan, Goggo ta tashi lallashinta tana cewa mu ba ma yin haka, ƙarshe Goggon ce ta fi ta ƙara.

Washegari da la'asar sai ga Madam, malamar ajin da nake koyon koyarwa a ƙarƙashinta a wata firamare a unguwar Nzeng-Ayong. Ta ɗaura ɗankwalin aro a karkace. Ba ta taɓa ganin Kaka ba ko sau ɗaya. Ta yi wa Baba gaisuwa da Faransanci, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ina tiren? Ina so in gan shi." Baba ya ɗauka yunwa take ji, ya ce a zubo mata shinkafar sadaka. Ni kaɗai na san abin da take nufi, kuma saboda tiren nan na zauna rubuta wannan, don kada a ce mai waina kawai aka binne.

A Libreville aka haife ni, a nan na yi boko da Faransanci, har na shiga makarantar horon malamai. Baba yana da shagon takalma, kuma tun ina ƙarami ya ajiye min kujera a ciki. "Gwada malantar," in ji shi. "In ta ƙi, kujerarka tana nan, ba ta da ƙafar zuwa ko'ina." Ni kuwa in na yi awa ɗaya a shagon nan ina jiran wani ya zo ya gwada takalmi ya ce ya matse shi, sai in ji duniya ta ishe ni. A shekarar ƙarshe akan tura mu aji na gaske, sufeton makarantu ya zo ya zauna a baya ya ga darasi da idonsa. Sau biyu ake ba mutum dama. Ta farko na faɗi warwas.

Abin haushin, takardata ba ta da aibu. Kowane darasi sai an rubuta masa takardar shiri, muna ce mata fishi. A ciki ake sa abin da malam zai faɗa, da abin da yara za su amsa, da mintin da kowane mataki zai ci. Can ƙasa akwai wani gurbi da ake cikewa bayan an tashi, malam ya faɗi yadda darasin ya kasance da abin da zai gyara. Duk cikin ɗalibai 'yan'uwana ba wanda ya kai ni iya fishi. Jan biro, shuɗin biro, layi a miƙe sambal. Gurbin ƙasan kuwa kullum magana ɗaya nake zubawa: darasi ya tafi daidai, an cim ma manufa. Sufeto ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce lallai na koyar da takardata sosai, saura yaran.

Na dawo gida jiki ba ƙwari, na sami Kaka a tsakar gida tana goge tanda. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne. Maigida take ce min, ni kuma in ce mata amarya.

"Maigida, wa ya mutu?"

Na gaya mata. Faransancinta na ciniki ne, ba ya wuce "nawa kake so" da "matsa ka ba wani wuri," sai ta ce in karanto mata takardar da Hausa. Na soma: malam zai ce kaza, yara za su amsa kaza.

"Dakata. Kai ka rubuta abin da za su amsa?"

"Ni na rubuta."

"Tun kafin ka tambaye su?"

"Haka ake yi."

"Ikon Allah! Ashe boka na aura ban sani ba. To duba min, gobe wainata za ta ƙare?"

Kaka ta fi shekara arba'in tana suyar waina a bakin lungunmu, tun zuwanta daga Kano da marigayi Kakanmu. Tana da wata ɗabi'a da muka tashi muna gani ba mu taɓa tambaya ba. In ta tashi daga wurin suya, sai ta tasa tire a gaba ta yi ta juya waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ƙone. Wannan cikinta bai nuna ba. Wannan lafiyarta lau, a gefe ta maƙale ba wanda ya gan ta. Takan ce, "Wadda aka saya ta tafi da labarinta. Wadda ta kwana a tire ita ke gaya maka gaskiya." A ranar ta ajiye tsumman tanda ta ce min, "To kai, cikin 'ya'yan mutanen da aka tara maka, yau wa ya kwana a tire? Wa ya koma gidansu yadda ya zo?"

Yara sun haura sittin a ajin, amma ban san sunan kowa ba sai 'yan goman da ke gaba masu ɗaga hannu. Kunya ta kama ni, na ce zan duba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai na kawo mata rahoto. Sunayen yaran suna yi wa harshenta nauyi, sai ta raɗa musu nata. Akwai Mai Taga, yarinyar da ke zama jikin taga ba ta cewa uffan. Akwai Na-Sani, wanda ke ba da amsa kafin a gama tambaya. Akwai Sarkin Fita, wanda fitsari ba ya kama shi sai an soma lissafi. Akwai kuma Ɗan Hamma. Ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba, amma ta san su kamar ita ta yi musu wankan jego. In na ce yau lafiya lau kowa ya gane, sai ta ce, "Ƙarya kake, Maigida, idonka na gefe. Sake lale."

Maganar Ɗan Hamma ta fi damunta. Na ce rago ne. Ta ce yaro ba ya hamma a banza da sassafe, in je in tambayo inda yake kwana da lokacin da yake tashi. Ashe daga nesa yake takowa, kuma ba ya karyawa. Washegari na buɗe jakata a makaranta na ga waina huɗu a ƙunshe. Da na dawo ta tare ni tun daga ƙofa: "Ba naka ba ne, kuma na san yawansu. Ka riƙa ba Ɗan Hamma a ɓoye, kada ka tsinka yaro gaban 'yan'uwansa." Haka ta yi ta yi kullum, sai dai ranar da babu makaranta.

Sai kuma ta ce rahoto bai isa ba, ita ma za ta shiga aji. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabana, na jingina katako a jikin bango ya zama allo. Darasin da zan yi a gaban sufeto na rabawa ne, sai na soma da abin da ta sani.

"Waina goma sha biyu, mutum uku. Kowa nawa zai samu?"

"Su wane ne mutum ukun?"

"Ko ma su wane ne."

"A'a, faɗa min. In Kawunka na ciki, shi shida, sauran su yi haƙuri."

Kafin in farfaɗo ta ɗaga hannu wai tana son fita. Na hana. Ta yi wata doguwar hamma har da salati. Na juya zan yi rubutu, ta jefe ni da ɓawon gyaɗa, da na waiwayo ta nuna kaza ta ce ita ce. Wallahi yara sittin ɗin nan gaba ɗaya ba su taɓa gajiyar da ni kamar tsohuwar nan ita kaɗai ba.

Rannan ina tsakiyar bayani, na samu bakin zaren ke nan, sai ta kifa tire a cinya, ta ɗauki ludayi biyu ta shiga dukansa iya ƙarfinta.

"Amarya, me ke nan kuma?"

"Ruwa ne ya sauko. Ci gaba."

Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane ba. Ruwan Libreville ba ya sallama. Rufin ajinmu kwano ne tsirara, ba silin, in ruwa ya kece ko kanka ba ka ji, balle yaro na layin baya. Abin da muka saba yi shi ne a ce yara su harɗe hannu a jira ya tsagaita. Ta tsaya da dukan ta ce, "A takardar taka ina gurbin ruwa?" Na ce ba a sa ruwa a fishi. Ta ce ita tunda take suya a garin nan ba ta taɓa hura wuta ba ta dubi sama ba. Ta ci gaba da duka. Na ɗaga murya, ta ƙara ƙarfi. Na yi ihu, ta haɗa da ƙafa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna dariya, mai rogo har da tafi. Raina ya ɓaci, na jefar da alli na ce:

"Ke da ko ƙofar aji ba ki taɓa takawa ba, ko sunanki ba ki iya rubutawa, ke ce za ki koya min aikina?"

Ta ajiye ludayan a hankali, ta ce, "Gaskiya ne, Malam." Ta tashi ta shige ɗaki.

Kwana uku ba Maigida. In na shigo sai ta ce, "Malam, kun dawo lafiya? Ya aiki?" da ladabi kamar baƙo ya zo. Da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Har yau in na tuna maganar da na faɗa mata sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, kuma na san zai yi ta yi har in bi ta. Duk da haka, kowace safiya wainar Ɗan Hamma na cikin jakata, huɗu cif.

A rana ta uku ruwan gaske ya sauko ina cikin darasi. Na yi ihu har muryata ta dushe, yara suka mai da ajin kasuwa, Madam tana kallona. Na dawo a jiƙe, na durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Amarya, na tuba."

Ta daɗe tana jan carbi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Yau wa ya kwana a tire?"

"Duka. Har da ni."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Tashi, mijin banza. Ɗauko ludayan."

Mako uku muka yi tana duka ina koyarwa ba baki. Ta sa masu shagunan lungu suka tara mana murafen kwalba cike da roba. Na koyi kiran yaro da ido, da raba murafe a kan tebur kowa na gani, da ɗaga hannu ɗaya yara su rubuta a ƙananan allunansu, in ɗaga biyu su nuna min. Na ja sabon layi a fishi, na buɗe gurbin da ba a koya mana ba: in ruwa ya sauko. A gurbin ƙasa kuma na daina rubuta an cim ma manufa, na koma rubuta sunayen waɗanda suka rage da dalilin da nake zato. Madam ta ga canjin ta tambaye ni, na ba ta labarin tire. Ta yi dariya har ta dafa tebur, kuma tun daga ranar duk safiya sai ta ce in gaida mata shugabar makarantarmu ta gida.

Aka sa ranar zuwan sufeto Laraba. Kaka ta ce in guge rigata mai dogon hannu, kada in kunyata ta. Asabar ta rasu.

Shi ya sa da Madam ta nemi tiren ranar Lahadi na shiga na ɗauko mata. Tsohon tire ne, furannin jikinsa sun goge, tsakiyarsa duk ya lotsa da sawun ludayi. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta ƙwanƙwasa da yatsa sau ɗaya, ta miƙo min. Ta ce in ina so za ta nema min a ɗaga ranar, amma ba ta da tabbacin za a samu wata kafin baɗi. Ni kaina ban san abin da nake so ba.

Baba ne ya yanke hukunci. Ranar Talata ya kira ni gefe ya ce, "Gobe ka shirya ka tafi. In na bar ka ka zauna, ban san da wane ido zan dube ta ba ranar da muka haɗu. Ka san bakinta."

Laraba gari ya waye tangaran, ko gajimare babu. Na buɗe jaka a makaranta na ga waina huɗu a ƙunshe, gefensu ya ɗan ƙone. Inna ce ta soya, ashe tun tuni an ba ta umarni. Na miƙa wa Ɗan Hamma a bayan aji, na shiga. Sufeton nan ne dai, da tabaransa, ya zauna a baya ya buɗe fishina.

Na yi minti goma ina magana, komai na tafiya yadda na rubuta. Sai ajin ya soma duhu. Ɗigo na farko ya faɗo a kan kwano, na biyu, na uku, sannan aka sake shi gaba ɗaya. Wallahi tallahi ƙarar ludayi ce a kan tire, ba bambanci. Ina tsaye da alli a hannu sai dariya ta kufce min, hawaye na bin ta. Yara suka zuba min ido. Sufeto ya ɗago kai, na ga biro ɗinsa ya motsa.

Na share fuska da hannun rigar da na guge, na rufe bakina, na zube murafe goma sha biyu a kan tebur. Na kira yara uku da ido suka fito suka jeru. Sannan na nuna Mai Taga. Ta waiwaya baya tana neman wanda nake nufi. Na sake nuna ta. Ta taso a hankali, ta ɗauki murafen ta soma ba kowa ɗaya-ɗaya, ta zagayo, ta sake zagayowa, har suka ƙare. Ta ɗaga yatsu huɗu. Ashe yarinyar ta iya, magana ce ba ta so, yau kuma ba wanda ya nemi ta yi. Na-Sani yana ta kwarara amsa jijiyar wuya a tashe, ba mai jin sa, karo na farko ke nan da sauran suka samu sararin yin tunani. Sarkin Fita ya ɗaga hannu, ya dubi ƙofa, ya ga abin da ke zuba a waje, ya sauke hannunsa ya ɗauki allo. Na ƙara murafe, na canja yara, na ɗaga hannu ɗaya, na ɗaga biyu, alluna suka tashi sama. Na bi layi-layi ina dubawa har bangon baya.

Da aka tashi, sufeto ya ce in cike gurbin ƙasa yana jira. Na rubuta cewa yara huɗu sun koma gida ba su gane ba, na sa sunayensu, da inda kowa ya maƙale, da abin da zan yi da su gobe. Na ƙara da cewa malam ya yi dariya a inda bai kamata ba. Ya karanta a hankali, ya ɗora yatsa a kan gurbin ruwa ya ce a wane littafi na samo wannan.

Na ce, "Ba littafi ba ne, ranka ya daɗe. Kakata ce. Asabar muka binne ta."

Ya cire tabarau ya yi min gaisuwa. Ya mayar da su, ya ce rubutuna a allo yana gangarawa ƙasa ta hannun dama, in gyara. Sannan ya sa hannu. Makin ba yabo ba fallasa, amma na haye.

Bayan la'asar na isa gida. Ƙafata ta kai ni ƙofar ɗakinta da kanta, kamar kullum. An naɗe tabarmar, tiren na jingine a bango. Na tsaya riƙe da jaka, ga labari cike da bakina, ban san wa zan ba ba. A lokacin ne na san ta mutu, ba ranar Asabar ba.

Baba na zaune a tsakar gida da ragowar masu gaisuwa. Tunda na shiga makarantar nan bai taɓa tambayata komai a kanta ba, ban ma san yana jin abin da muke yi da tsohuwar ba. Ya yi gyaran murya, bai dube ni ba, kuma bai tambaye ni ko na ci ba. Ya ce:

"To, Malam. Yau wa ya kwana a tire?"

Na ce, "Huɗu ne, Baba."

Ya matsa ya ba ni wuri a tabarma. "Zauna ka faɗo su."

Allah Ya jiƙanki, amarya. Ya yafe miki, Ya yafe min abin da na faɗa miki, Ya saukar da ke inda koko ba ya yin ruwa.